Gyarar da Aka Yi wa Yacouba

Ga ta nan, ga ta nanku. To ku amsa mana, ku ce ta zo mu ji ta. Yawwa. Wannan dai ta birni ce, kuma ta kwanan nan, don waɗanda abin ya faru da su duk suna nan da ransu.

Akwai wani mutumin Damagaram, sunansa Yacouba, da ya daɗe a Dubai har ya daina lissafin shekarun. A Al Ras yake zaune, tsohuwar unguwar nan ta bakin ruwa, a wani ɗaki da suke haya su da yawa a saman shagon kanumfari da citta. Gadajen masu hawa biyu ne. Shi yana ƙasa saboda bayansa da gwiwarsa, a samansa kuma wani Bakano ne, Labaran, mai ɗora kwalaye a wani kamfanin kago. Kun san Bakano da Badamagare, ba sa haɗuwa a tashi ba a taɓa juna ba. Labaran bai taɓa kiran sa da sunansa ba, sai dai “bawana”, shi kuwa Yacouba in ya tashi ramawa sai ya ce ai kakanninsa ne suka koya wa Kanawa gudu.

A takarda Yacouba ma'aikacin wani shagon yadi ne a Bur Dubai, su suka yi masa katin zama. Amma abin da yake ci da shi, shi ne zama idon wasu. Tun da biza ta yi wuya, jirgi ya yi tsada, 'yan kasuwa da yawa suka daina zuwa da ƙafarsu. Sai su kira shi ta bidiyo, ya ɗaga waya ya bi shaguna yana nuna musu shadda da leshi da abaya, su zaɓa daga Kano, shi ya yi ciniki, ya kai kago. Kullum da safe zai shiga abra, ɗan jirgin katakon nan mai tsallaka ruwa, ya wuni hannu a sama kamar mai ɗaga fitila, da yamma ya dawo kafaɗa ta sage. Babbar mai kiran sa ita ce Hajiya Turai, mai shaguna a Kantin Kwari, wadda take ce masa Malam Yakubu. Rabin abin da yake aikawa gida daga hannunta yake fitowa.

A gida kuwa akwai matarsa, Hannatou. Kowace Lahadi da rana takan tafi gidan 'yarsu Sa'adiyya, wadda mijinta ya sa akwatin intanet, ta zauna a tabarma ta jira kiransa. Ɗakinsu na Al Ras ba wurin magana da iyali ba ne, kunnuwa sun yi yawa, don haka a kan matakalar benen yake tsayawa. Matakalar nan kuwa tana da wani hali. Daga sama, kusa da taga, rezo yana kamawa, wato sabis a bakin mutanen Nijar. Amma da mutum ya ɗan gangara zuwa kwanar da ba taga, sai hoto ya daskare, murya ta kakkarye, kira ya mutu.

Za su gaisa, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, ya tambayi jikoki. In hira ta zo ƙarshe sai ta ce, to Malam, yaushe? Shi kuma sai ya ce bayan Sallah, in Allah ya so. In ta ce wace Sallar, sai ka ga ƙafarsa ta fara sauka. Ban ce da gangan yake yi ba. Ƙafa dai takan san abin da zuciya take gudu. Daga baya ya aika mata saƙon murya ya ce rezo ne, wallahi rezon garin nan sai haƙuri.

Kada ku ce ba ya son gida. Yana so, har mafarkin zauren gidansu yake yi. Sai dai a Dubai shi ne Malam Yakubu da hajiyoyi suke jira ya ɗaga waya, a Damagaram kuwa bai san ko wane ne zai zama ba, in ban da tsoho mai ciwon baya a ƙofar gida, wanda ya saba bayarwa ya koma jiran a ba shi.

A azumin da ya wuce ne Hannatou ta riga ƙafarsa. Tun kafin su gama gaisawa ta tuna masa cewa shi da bakinsa ya ce katin zamansa zai ƙare bayan Babbar Sallah. In ya sabunta shi, ta ce, ita ba za ta ƙara tambayarsa yaushe zai dawo ba har ta koma ga Allah. Ba faɗa ta yi ba, da faɗa ne ma da ya fi masa sauƙi. Ya yi mata alkawari a tsaye kusa da taga, ta kuma ji shi sarai.

Ana cikin haka aka yi ɓarnar anko. Layin Yacouba irin na sa kati ne, data ta ƙare a sake saye, wayarsa kuma tsohuwa ce mai tsagaggiyar fuska. Hajiya Turai ta karɓi aikin ankon wani babban biki, ta sa shi ya zaga da ita shaguna, hoto yana tafiya yana tsayawa. Ta ga wani leshi a wayarta ta ce shi ke nan, wannan mai launin makuba take so. Ya ce mata Hajiya, wannan kamar ya fi kusa da ruwan ƙasa. Maganar ta kakkarye a hanya, ita ta ji abin da ta ji, ta ce a ɗauko. Da kaya suka sauka Kano, uwar amarya ta buɗe ta ce ita ba za ta sa dangi su fito kamar an yi musu yaɓe ba.

Hajiya ba mai zagi ba ce. Ta kira shi ta ce ba ta ga laifin idonsa ba, laifin wayarsa ta gani. Amma ita mai kasuwa ce, kuma akwai masu nuna kaya a Dubai da hotonsu yake fitowa kamar talabijin.

“Ka nemi layi mai sauri cikin satin nan, Malam Yakubu,” in ji ta. “Ba na son mu rabu a kan abin da kuɗi yake gyarawa.”

Washegari bayan azahar ya je ofishin wani kamfanin waya a Bur Dubai, ba wanda yake amfani da nasu ba. Wuri ne mai sanyi kamar cikin randa. Ya ciri 'yar takarda mai lamba, ya zauna a layin kujeru, sanyin ya shiga gwiwarsa, har gyangyaɗi ya ɗauke shi kafin a kira lambarsa. Wanda ya same shi wani ɗan Pakistan ne mai furfura a gefen kunne, an rubuta Hafiz a ƙirjin rigarsa. Da Larabcin kasuwa da guntun Turanci suka fahimci juna, kamar yadda kowa yake yi a garin.

Hafiz ya juyo masa da allon kwamfuta ya nuna masa tsare-tsarensu. Akwai mai araha wanda datarsa ba za ta kai shi mako ba. Akwai na wata-wata mai sauri, datar tana da iyaka amma za ta ishi mai aiki in ya yi tattali, kuma duk watan da mutum ya ga dama ya ajiye. Yacouba ya tuna da alkawarinsa, ya sa yatsa a kan wannan. Sannan ya gyara zama, ya yi abin da ya wuni yana yi wa hajiyoyi shekara da shekaru: ya taya rabin kuɗin.

Hafiz ya yi murmushi ya ce, baba, ba shi yake sa farashi ba, na'ura ce. Yacouba ya ɗan ƙara. Hafiz ya sake cewa na'ura ce. To duk mai kaya da haka yake farawa, wani ya ce uban gidansa ne, wani ya rantse da kuɗin da ya saro. Yacouba ya san maganin wannan. Ya ce khalas, shi ke nan, ya miƙe, ya ɗauki jakarsa, ya nufi ƙofa a hankali, kunnensa a baya yana jiran a ce dawo. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, zafin waje ya mare shi. A bayansa wata murya ta kira lambar da take bin tasa, wata mata ta zauna a kujerar da ya tashi.

Ya tsaya a inuwar ginin yana kallon motoci har gumi ya jiƙa masa riga. Sannan ya koma ciki ya ciri sabuwar lamba.

Da layi ya sake zuwa kansa, Allah ya sa Hafiz ɗin ne dai. Ba wanda ya tayar da maganar abin da ya wuce. Yacouba ya ce ya saya, na wata-wata, a yadda na'ura ta ce. Amma ransa bai kwanta ba. Mutumin da yake karya farashin Indiyawan kasuwar yadi, a ce ya shigo ya fita ba a rage masa ko sisi ba? Sai ya ɗan sunkuya ya ce, to habibi, an gama, a ƙara masa shwaiya mana, ko ɗan yaya ne.

Kun san mu da gyara. Ko tumatir muka saya a bakin hanya sai mun ce a gyara, kuma gyara ba ta cikin ciniki. An riga an sallama, sai mai kaya ya ƙara maka ɗan wani abu don ka dawo gobe. Ba a mayar da ita, ba a tambayar dalilinta, ba ta kuma taɓa bin mutum gida da sharaɗi ba.

Fuskar Hafiz ta washe. Ya ce akwai, baba, akwai babba ma. Ya shiga ciki ya fito da kwali fari, sabuwar waya a ciki. Ya ce wannan ta zama ta Yacouba, data kuma ba iyaka, mafi saurin da suke da shi, kuɗin wata kusan ɗaya ne da wanda ya zaɓa. Sai dai na wata ashirin da huɗu ne. Ya ɗaga yatsu biyu ya ce shekara biyu, dole, ya maimaita, ya tambaye shi ko ya gane, ya sake tambaya. Bawan Allah bai ɓoye komai ba. Yacouba ma ya ji kowace kalma, ba abin da ya ɓace masa. Abin da ya gane shi ne an yi masa gyara mai tsawon shekara biyu. In ya tafi bayan Sallah ya bar musu ragowar, ai asararsa ce, ba tasu ba. Wa ya taɓa jin an kama mutum don bai cinye gyararsa ba?

Ya miƙa katin zamansa aka zura a na'ura, ya ɗora yatsa inda aka ce, ya sa hannu a kan gilashi. Ya shiga abra da kwalinsa a ƙirji, yana jin yau dai bai faɗi ba.

Ya tarar da Labaran a gadon sama, ƙafafu a reto, yana cin shinkafa a roba. Labaran ya dubi kwalin, ya dubi mai kwalin.

“Bawana, waya kyauta a Dubai? Shekara nawa suka ɗaure ka?”

“Ba wanda ya ɗaure ni. Na wata-wata na saya. Wannan gyara ce.”

“Gyara,” in ji Labaran, ya ajiye cokali. “A ofishin waya. Ka ce musu a gyara, su kuma suka gyara.”

Ya yi dariya har shinkafa ta sarƙe shi, sai da wani ɗan ɗakin ya miƙa masa ruwa. Ya ce nan ba kasuwar Dole ba ce, da Damagarawa suke sayen albasa a ƙara musu lawashi. Amma da ya ga fuskar Yacouba sai ya bar dariyar, ya sauko ya zauna kusa da shi. Ya yi masa bayani da Hausa, a hankali. Cinikin farko ya tashi tun da aka fito da kwalin nan. Na biyun ya sa wa hannu. In ya ce zai tafi kafin lokaci, sai ya biya su wayar da tarar fita, kuma da sunansa da katinsa aka ɗaura, ba abin da mutum zai sa ƙafa ya tsallake ba ne.

Da farko haushi Yacouba ya ji, irin na ɗan kasuwar da aka kayar a filinsa. Amma da ya kwanta yana kallon ƙasan katifar Labaran, sai wani abu ya biyo bayan haushin, wani sanyi-sanyi da bai so ya duba fuskarsa ba. Ga dalili ya samu, wanda ba shi ya ƙirƙira ba. Kamfani ne ya riƙe shi, har Labaran shaida ne.

Layin kuwa ya yi sauri, ba ƙarya. Ranar farko da ya kira Hajiya Turai daga kasuwar yadi, ta ce ya matso da wayar, ya matso, ta ce wallahi har zaren take gani. Ta zaɓi kaya cikin rabin lokacin da suka saba. Da ya juyo da wayar don su yi sallama sai ta ce, Malam Yakubu, ashe haka ka yi furfura? Kafin mako ya zagayo ta raba sabuwar lambarsa ga ƙawayenta na Kwari da na Sabon Gari. Waya ta dinga ƙara tun daga abra. Kafaɗarsa ta ƙara sagewa, amma abin da yake shigowa ya ƙaru.

Lahadi ta zo. Bayan la'asar ya fito matakala ya tsaya kusa da taga ya kira. Hoton ya buɗe tar, ga Hannatou a tabarma, ga bangon gidan Sa'adiyya, har da inuwar darbejiya tana motsi a kansa. Ta daɗe tana kallon sa.

“Malam, yau na gan ka,” ta ce. “Wuyan nan naka duk ya zube.”

Ya ce aiki ne, da zafi. Suka gaisa. Ta ce an yi ruwa sau biyu, katangar bayan gida ta ɗan zauna, ƙaramin jikansu ya fara tafiya. Sannan ta ce Sallah ta matso, ko ya nemi tikiti?

Ƙafarsa ta fara sauka. Ya kai kwanar da ba taga, ya ɗan tsaya yana jira. Hannatou tana nan, tana ƙifta ido. Ya ƙara gangarawa, har ƙanshin kanumfari ya fara shigar masa hanci, har ya hango buhunan shagon ƙasa. Hoton ko gezau.

“Ka daina sauka, Malam, gwiwarka ba ta so. Ina ganin matakalar.”

“Iska nake nema.”

“Shekara da shekaru ina jin muryarka tana shiga rami duk sanda na yi wannan tambaya. Ban taɓa ganin ramin ba sai yau. Ashe ma koren fenti ne da shi.”

Sai ya zauna a kan matakalar. Ya ba ta labarin ofishin waya tun daga farko, da ankon Hajiya, da na'urar da ba ta ragi, da kwalin. Ya tsara shi yadda ya kamata, labarin mutumin da abu ya faɗa wa ba da son ransa ba. Ya ce ta tambayi Labaran in tana so. Ya zaci za ta yi dariya a wurin gyarar, ko ta yi kuka a wurin shekara biyun. Ba ta yi ko ɗaya ba.

“To wa aka ɗaure, kai ko wayar?”

“Layin ne, amma da sunana.”

“Ka je ka ji yadda ake kwance suna. In kuma kai ne ba ka son zuwa, ka faɗa mini yanzu da rezo yake da kyau, in ji da kyau, in huta.”

Layin bai yanke ba. Yana jin ana daka a maƙwabtan Sa'adiyya, yana jin kaza. Wani ɗan ɗakinsu ya zo wucewa da bokiti, ya matsa masa. Ya duba ko'ina bai ga wurin sauka ba.

“Tsoro nake ji, Hannatou. Ban san abin da zan yi a gida ba.”

“To ka zo ka rasa abin yi a nan,” ta ce. “Ni ma na gaji.”

Ita ta kashe kiran, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da safe ya koma ofishin, ya ciri lamba, ya jira Hafiz. Hafiz ya saurare shi, ya dafe goshi, ya ce ai ya tambaye shi har sau biyu. Yacouba ya ce ya sani, bai zo da ƙara ba. Hanya biyu ce, in ji Hafiz. Ko ya biya wayar da tarar fita, abin da Yacouba ya duba ya ga zai cinye guzurin da ya tara na komawa. Ko kuma ya kawo wani mai katin zama wanda ya yarda a mayar da layin sunansa, da wayar, da sauran watannin, da lambar.

Lambar ce ta tsaya masa a wuya. Domin ko da ya yi wa Hannatou alkawari a azumi, akwai wata 'yar ƙofa da ya bari a buɗe a ransa: ya je gida ya yi wata uku ko huɗu, ya ce wa hajiyoyi hutu ya tafi, in zaman ya gagara ya nemi sabuwar biza ya dawo ya tarar da su. Yanzu kuwa duk wanda ya karɓi layin, shi hajiyoyi za su samu in sun kira. Kasuwa ba ta jiran wanda ya tafi. Bayar da lambar nan bayar da Malam Yakubu ne gaba ɗaya.

Ya shiga abra, bai sauka a Al Ras ba, ya biya ya sake komawa, ya sake dawowa. Wayar tana ta ƙara a aljihunsa, bai ɗaga ba. Ya lura hannunsa na dama, ko da yake a kan cinyarsa yake, yatsun a lanƙwashe suke kamar suna riƙe da waya. Ya yi ƙoƙarin miƙe su, suka koma.

Da yamma Labaran ya dawo daga kago, ƙura har gira, ya zube a bakin gadon Yacouba don ba shi da ƙarfin hawa nasa. Yacouba ya tambaye shi ko ya san bambancin makuba da ruwan ƙasa.

“Bakano kake tambaya launi? Mu da muka rina muku rigunan da kuka yi sarauta da su?”

“Ina tambayarka ne da gaske.”

Labaran ya juyo ya dube shi, ya gane shi ake so ya karɓi layin. Shi ma yana da mata a Kano, Ramlat, shi ma yana da tasa Sallar da ba ta zuwa. Yacouba ya ce masa ya ji da kyau, da Hausa yake faɗa masa, kusan shekara biyu ne, kuma ba gyara ba ce. Labaran ya ce ya ji. Ya ce waya dai ta fi kwali sauƙin ɗauka, kuma shi dama ba inda za shi bana. Bai yi dariya ba da ya faɗi haka.

Hajiya Turai ce ta fi ba da wahala. Ta ce sai da ido ya buɗe sannan zai tafi da shi? Ta yi mita, ta yi ban baki, ta ce za ta ƙara masa lada. Da ta ji maganar iyali ce sai ta yi ajiyar zuciya ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, amma kada ya kuskura ya bar mata Labaran ɗanye. Haka suka yi makonnin da suka rage, Labaran yana riƙe da waya, Yacouba yana bayansa yana gyara masa hannu, yana nuna masa shagon da ake fitar da yadi waje a gani a hasken rana, da shagon da fitilarsa take ƙarya. Mai shagon yadin ma ya yarda zai ɗauki Labaran a gurbinsa.

Ana saura kwanaki Sallah suka je ofishin tare. Hafiz ya tambayi Labaran ko ya gane, ya sake tambaya, ya kuma ƙara ta uku. Aka zura kati, aka ɗora yatsa. Yacouba ya mayar da tsohon layinsa cikin tsohuwar wayarsa mai tsagaggiyar fuska. Da suka fito cikin zafi, Labaran ya soka sabuwar wayar a aljihu ya ce:

“To bawana, an gama ciniki. Ina gyarata?”

“Gadon ƙasa. Na bar maka.”

“Ba ta da wutsiya dai ko?”

“Ba ta da. Sai dai katifar ta lotsa a tsakiya.”

Yacouba ya sauka Damagaram bayan Sallah da 'yan kwanaki, naman layya ma bai ƙare ba. Ya gyara katangar bayan gida, ya buɗe ɗan teburin yadi a bakin kasuwa, wata rana a yi ciniki, wata rana a wuni ana hira. Bayansa bai daina ciwo ba, kuma akwai ranakun da yakan zauna a ƙofar gida bai ce wa kowa komai ba. Hannatou ta daina zuwa gidan Sa'adiyya ranar Lahadi, sai in ta ga dama. Hajiya Turai tana nan tana sayen kayanta, tana cewa idon Labaran bai kai na Malam Yakubu ba, amma ba ta canza shi ba. Hafiz yana teburinsa. Labaran kuwa yana Al Ras, yana kwana a gadon ƙasa, kafaɗarsa ta fara sagewa, ya kuma ce wa Ramlat in layin ya ƙare zai dawo.